Ranar da Hajiya ta faɗi sunana

"Yaya sunan ɗan naki?" in ji jami'in immigration. Hajiya ta sunkuyar da kai.

A shekarun casa'in ne, lokacin ina zaune a unguwar Plumstead da ke Landan. Mahaifiyata ta zo ganina daga Kano, na yi mana booking ɗin yawon jirgin ruwa har biyu a jere, duk a jirgi ɗaya. Da muka dawo tashar Tilbury daga na farko, aka ce kowa ya sauka, masu fasfon waje su cike katin shiga ƙasa, sannan a sake hawa.

Ni fasfon Ingila gare ni, don haka layinmu daban. A gurbin adireshi ta rubuta "gidan ɗana" kawai. Tsohuwar malamar makaranta ce, Turanci ba ya ba ta wuya. Matsalar ita ce ni ɗan fari ne, kuma tun da ta haife ni kunya ba ta taɓa barinta ta faɗi sunana ba. "Yaron nan" take cewa.

Baturen ya ajiye fasfonta gefe. A ganinsa, wace uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba? Ga shi jirgi ba zai jira mu ba.

Na matso kusa na ce, "Hajiya, don girman Allah ki faɗa masa."

Ta juya ta kalli bango, ta ce a hankali, "Kabiru."

Ya buga hatimi, muka koma jirgi. Ba wanda ya sake tayar da maganar, kuma har Allah ya yi mata rasuwa ban ƙara jin sunana a bakinta ba.

'Yan fari, ku kun taɓa jin naku?