Yaya Hajo, wadda ta rene ni da tafasa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe shago a Ajame, nan Abijan, waya ta shigo daga unguwar Biyafara inda take zaune: Yaya Hajo ta rasu.

Na zauna kan buhun shinkafar mutane.

'Yar baffana ce, ta girme ni da shekara bakwai. Ni aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, mushe malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Karatun da ya zauna mini a kai na Yaya Hajo ne, a dawan garinmu can Nijar.

Da damina, in rumbu ya yi fayau gero bai nuna ba, sai ta tasa ni gaba da ƙwarya. Ga tafasa, ga yaɗiya, ga gasaya. Rannan na yi gaban kaina na ciko ƙwarya da raiɗore, ina taƙama. Ta sansana ta ce, "Isuhu, gidan duka kake so ka kora bayan gari?"

In ta kwaɗa da ƙuli, sai ta turo mini nata kason, wai ita ta ci a dawa. Sai da na yi gemu na gane babu abin da ta ci.

Da na zo Abijan na yi tumbi, sai na riƙa gaya wa 'ya'yana cewa da nama aka yaye ni.

Ranar bikin 'yata Mariyama na cika fili da kaji da aceke, dambun rogon nan na Abijan, surukai alhazan Kano sun jeru. Sai ga Yaya Hajo da ƙatuwar roba ta kwaɗon tafasa. Na ce a kai ciki. Ta dire ta a tsakiyar tabarma, ta ɗaga murya: "Bismillah, wannan ne ya raya uban amarya!"

Na so ƙasa ta tsage. Alhazan nan kuwa suka naɗe hannun riga, har da suɗe yatsa. Kajina suka yi kwantai.

Ganinmu na ƙarshe Juma'ar da ta wuce, a bakin marshe, wato kasuwar Tireshibil, tana tsince busasshiyar tafasar da aka aiko mata daga gida a kar, babbar motar fasinja. Ta dafa tumbina ta ce, "Ƙanena, yunwa ba sata ba ce. Ka gaya wa yaran nan gaskiya."

Na yi dariya na ce sai wani jiƙon.

To Mariyama, Abdu, Fati, na san kuna karanta ni a nan: babanku ganyen dawa ya ci ya girma, yarinya 'yar shekara goma sha uku ce ta bar cikinta ta cika nawa. Babu sarautar da ta fi mini wannan.

Allah Ya jiƙan Yaya Hajo, Ya ciyar da ita daga lambunan Aljanna. Duk wanda ya karanta, don Allah ya saka ta a addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ne.