Na Je Ganin Inda Rana Take Faɗawa, Na Kusa Shaƙe Aminiyata

Ni mace ce da ba a taka ni in yi shiru, kuma a lokacin da wannan abu ya faru na fi haka zafi. 'Yar kasuwa ce ni a Kano, jakunkunan mata nake sarowa daga Chaina. Ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu, ina zaune a benci ɗaya da sa'o'in ƙannena ina cizon fensir. Da na iya haɗa baƙi sai wata irin ƙishirwa ta kama ni. Duk allon da na gani a hanya sai na tsaya na karanta, duk abin da ban gane ba sai na tambaya, har malamarmu ta ce ni kaɗai na fi aji guda gajiyar da ita. Da hannuna nake rubuto muku wannan, edita. In kun ga gyara ku gyara, amma kada ku rage mini laifina, don shi na zo faɗa.

Wata rana malamar nan ta zo aji da ƙwallo da tocila, wai duniya ce da rana. Ta ce rana ba faɗuwa take yi ba, mu ne muke juya mata baya. Na ce mata ni ba na musu da ilimi, amma ido ma yana da haƙƙinsa, sai na gani. Ta yi dariya ta ce a Kano gine-gine suke tare ta, amma wanda ya tsaya a bakin teku zai ga kamar ruwa ne yake haɗiye ta kaɗan-kaɗan har ta ƙare. Tun ranar maganar ta zauna mini a rai.

A Guangzhou ina da abokiyar ɗaki, 'yar Maraɗi, wadda muka haɗu a ofishin masu aika kaya ta jirgin sama a unguwar Baiyun, muka ƙulla aminci. Na girme ta, tana ce mini Yaya Bakanuwa, ni kuma ina ce mata Madam saboda Faransancin da yake kufce mata in ciniki ya yi zafi. Allah ya ba baiwar Allahn nan murya. Da ita take cin abinci, don ba ta da shago babba, saƙon murya take aika wa matan da suke saye a wajenta, ta yi ta kwatanta jaka tana wasa ta har mace ta ji in ba ta saya ba ta yi asara. In ta yi karatun Alƙur'ani bayan asuba kuwa, ni da nake da gaggawar fita sai in samu kaina zaune ina saurare. Muryar nan ce na kusa kashewa, har da mai ita.

A wannan zuwan mun je garin Shiling karɓar jakunkunan da muka bayar a ɗinka, mai masana'antar ya daga mana hannu yana ta meyo, meyo, wato babu, ba su kammala ba, sai mun ƙara kwanaki. Muka dawo masauki ba aikin fari ba na baƙi. A nan ne, a bangon wani gidan abinci na Musulmi, na ga hoton mutane a jere kan ƙananan babura a wata hanya da ta bi gefen teku, rana ja wur a gabansu. Na tsaya na karanta Turancin da yake ƙasa, harafi bayan harafi, na gane yawon buɗe ido ne da ake yi da yamma a wani wurin shaƙatawa, tafiyar 'yan awoyi daga gari. Na nuna wa tafintanmu, wani Bakano, ya ce Hajiya ai ba a san ku da wannan ba. Na ce masa yau za a sani. Madam ta so ta zille, ta ce ƙafarta ciwo take, teku kuma ba guduwa za ta yi ba, ga Magariba za ta riske mu a hanya. Na ce mu yi alwala mu riƙe sallaya, rana na faɗuwa mu yi sallarmu a kan yashi. Na matsa mata har ta ce to, Yaya, don kada ki cinye ni ɗanya.

Gaskiya wurin ya burge ni. Iskar ma wani ƙamshin gishiri take yi, ruwa kuwa ido bai ga ƙarshensa ba. Amma baburan ne suka fi ɗaukar mini hankali. Ƙanana ne, masu caji, ba mai, ba hayaƙi, ba ƙara. Na durƙusa ina leƙa ƙarƙashinsu ina neman tanki, na buɗe kujera na ga batir, na tambayi awa nawa yake yi kafin ya mutu, na tambayi me zai faru in ruwan sama ya taɓa shi. Mai yi mana jagora wata matashiya ce 'yar Chaina, siririya, da 'yar tuta a hannu, ita da wani abokin aikinta namiji. Ta yi ta ba ni amsa ta wayarta mai fassara tana murmushi. Sauran masu yawon yawanci 'yan ƙasar ne, miji da mata, saurayi da budurwa. Aka ba kowa dama ya zagaya fili ya gwada. Ni ko keke ban taɓa tuƙawa ba, amma na murɗa na ji abu ya tafi da ni shiru kamar aljani ya ɗauke ni, na ce wallahi ba mai sauke ni. Madam tana da babur ɗinta a Maraɗi, da shi take zuwa kasuwa, ta ce in bari ta ja mu. Na ce na baya ba ya ganin komai sai ƙeyar na gaba, ni kuwa ba ƙeya na zo kallo ba. Ta haƙura ta ce za ta zauna a baya.

Ana shirin tashi sai yarinyar nan mai jagora ta zo da wani ɗan kwando cike da maƙalai irin na shanya da robobi. Dukanmu biyu dogayen hijabai ne a jikinmu, irin masu jan ƙasa. Ta nuna hijabina, ta nuna taya, sannan ta miƙo hannu ta kama bakinsa za ta ɗaga. Ban san lokacin da na buge mata hannu ba. A zuwan nan an riga an ɓata mini rai a filin jirgi, an sa na yaye hijabi ana duba fuskata da kunnuwana a gaban maza, abin yana cina. Sai na sauke mata duka. Da Hausa na yi mata tatas, na ce mun biya kuɗinmu, ba mu zo sayar da suturarmu ba, in tsirara suke so su nemi masu yi. Kowa ya juyo yana kallo. Ta rubuta wani abu a waya ta miƙo mini. To ga inda laifina yake, kuma ba zan ɓoye ba: na karanta, na kuma gane. Cewa ta yi dogon tufafi yana da haɗari, ba cirewa za mu yi ba, tattarewa kawai. Ni da na yi shekaru ina hawa acaɓa a Kano, wane ɗan acaɓa ne bai taɓa ce mini Hajiya a tattare mayafi ba? Ban taɓa jin haushinsu ba. Amma na riga na ɗaga murya a gaban mutane, sai na ga saukowa faɗuwa ce.

Da na waiga sai na ga Madam ta riga ta naɗe nata hijabin ta ɗaure a ƙugu, yadda take yi a garinsu. Na ce mata au, ke har kin miƙa wuya, don ɗan babur za ki tsaya a gaban arna kamar mai shirin dambe? Ta ce Yaya, iska ce fa a bakin ruwa. Na ce iskar ta fi ƙarfin Allah? Ta kalle ni, ta kalli mutane, ta kwance. Kunyata ta ji, ba don ta yarda ba. Muka ɗora hular kwano a kan hijabi muka ɗaure a haɓa. Na lura yarinyar ta yi magana da abokin aikinta, ya karɓi tutar ya wuce gaba, ita kuma ta dawo can baya ta biyo mu. Har na ce wa Madam kin ga, gadinmu take yi kamar mun sato babur.

Tafiyar ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Muna bin hanya a jere a hankali, ana tsayawa ana nuna mana jiragen masunta da wasu ramuka da aka ce kawa ake kiwo a ciki, wani abin ruwa mai ɓawo kamar dodon koɗi, ina ta mamakin yadda ake kiwon abin da ba ya cin dusa. Madam tana bayana tana rera wata waƙar garinsu ƙasa-ƙasa. Da muka hau wata 'yar gada sai ga rana a gabanmu, ta yi ja, ta yi girma, gindinta ya taɓa ruwa. Wallahi kamar yadda malama ta faɗa, ruwan ya fara cin ta. Iska kuma ta taso da ƙarfi. Idona yana can, ina cewa a raina to in mu ne muke juyawa me ya sa ban ji jiri ba, sai na ji babur ya yi nauyi. Na zaci hawan gada ne, ko caji ya yi ƙasa. Sai na ƙara murɗa totur. Waƙar ta tsaya, ban lura ba. Na ji ana dukan bayana, na ce na gani Madam, na gani, ai ita nake kallo. Da babur mai inji ne da kukansa ya canza na ji. Wannan ba ya kuka. Shiru yake naɗe hijabinta a tayar baya, hular kwano ta hana shi zamewa daga kanta, bakin hijabin ya koma maƙogwaronta yana ja.

Ihun yarinyar nan ne ya dawo da ni. Ta sha gabana ta damƙe birkina, muka kife gefe. Da na tashi na ga Madam a ƙasa, kanta ya tanƙware baya har yana taɓa taya, idanunta sun firfito, bakinta a buɗe ba sauti. Na kama hijabin ina ja da hannu, ashe ƙara shaƙe ta nake. Yarinyar ta ture ni, ta zaro almakashi daga jakar ƙugunta ta keta shi daga wuya. Ashe don haka ta bar tutar ta biyo mu. Hijabin da na yi rantsuwa ba za a ɗaga bakinsa ba, a kan titi aka yanka shi gida biyu a gaban kowa, kuma yarinyar ce ta cire mayafin wuyanta ta rufa wa Madam kai kafin motar asibiti ta zo. Magaribar da na ce za mu yi a kan yashi, a barandar asibiti na yi ta, ina sujada ina roƙon Allah kada ya sa in koma in gaya wa 'ya'yan matar nan cewa bakina ne ya kashe musu uwa.

Allah ya yi da sauran kwana. Wuya bai karye ba, amma likita ya ce maƙogwaron ya ji rauni, kada ta yi magana sai an ga hali. Ni na koma Shiling na karɓo kayanmu, ni na riƙa aika wa masu saye a wajenta saƙo da wannan murya tawa mai kama da ta mai tallan gawayi, har wata ta tambaya ko an sace wayar ne. Ranar da ta fara iya raɗa, na durƙusa a gaban gadonta na nemi gafara. Sai ta jawo kunnena ta tambaye ni wai ranar ta shiga ruwan ko kuwa. Na fashe da kuka, don ban gani ba. Rabi na gani. Na nemi yarinyar nan ma kafin mu taso, na riƙe hannun da na buge, na ce mata shiyeshiye, na gode ɗinsu ke nan, ban da meyo ita kaɗai ce kalmar da nake da ita, na yi ta maimaitawa.

Muryar Madam ta dawo, amma ba ita ba ce. Ta dishe, in ta yi dogon karatu sai tari ya sarƙe ta, ayoyin da take ja da numfashi ɗaya yanzu sai ta yanka su. Ta ce ta yafe, kuma har yau tare muke kama ɗaki. Sai dai duk asubar da ta buɗe Alƙur'ani a gefena, ina jin aikina da kunnena.

Abin da na koya, ba duk wanda ya miƙo hannu wajen suturarki ne yake son tozarta ki ba, wani ranki yake tarewa. Kishin addini daban, girman kai daban, ni kuwa na sa wa girman kaina hijabi na kira shi addini. Karatun da nake taƙama da shi ya karanta mini gaskiya a wayar yarinyar nan, zuciya ta ƙi karɓa. 'Yan uwana mata masu fita ƙasashen waje, ku je ku ga duniya, ban hana ba, ni ma ina nan da niyyar komawa in ga ƙarshen ranar nan. Amma in za ku hau abin da yake da taya, musamman waɗannan masu caji da ba sa kuka, ku tattare hijabi ku ɗaure, ku duba na wadda take bayanku. In kuma kina da baki irin nawa, ki sani akwai mai jin kunyarki da za ta kwance abin da ta ɗaure don kawai kin yi magana, kuma wuyanta ne zai biya, ba naki ba.