Alƙasum ya tafi, motarmu na kwance

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa ya nufa. Ranar Talata, 6 ga watan Mayu 2025, bayan sallar azahar, aka kira ni daga Tahoua aka ce Alƙasum makaniki ya rasu. Ciwon kai ya ce yana ji, ya jingina da bangon garejinsa, bai ƙara tashi ba.

Alƙasum, na girme ka nesa ba kusa ba, ga shi ni ke rubuta maka ta'aziyya.

Ƙauyenmu yana arewa da Takanamat, kuma mota ɗaya gare mu. 'Ya'yanmu da ke cirani suka haɗa hannu suka saya, don kai marasa lafiya da masu naƙuda asibitin Tahoua. Da injinta ya mutu aka sa mata na wata mota daga Ƙonni, aka ɗaura masa karbireta ta wata motar daban. Kai ne ka ce ba ka taɓa ganin mota mai uba uku ba sai tamu.

Tun daga nan ta kama shan mai. Abin da ke kai ta Tahoua ya dawo da ita, sai ya ƙare tun ba a hango gari ba. A bara ta tsaya a daji da Salamatou, matar limaminmu, tana naƙuda. Uwar ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Bayan wannan muka kawo maka motar, ni da Haruna direba.

Ban manta yadda ka karɓe ta ba. Ba ka ɗauki ko sifana ba. Ka sa aka tayar da ita, ka tsuguna bayanta ka shinshina hayaƙin, ka goga yatsa a bakin bututun hayaƙi ya fito baƙi ƙirin. Ka kwance buji, wato fulogogi, su ma duk kunkunniya. Sannan ka zaunar da Haruna, ka zuba masa shayi.

"Haruna, gaya mini don Allah, wa da wa sunka taɓa ta?"

"Ba kowa, maigida. Gyara kawai munka yi mata."

"To, gyaran nika tambaya."

A hankali magana ta fito. A wajenmu duk direban da ya karɓi mota sai ya faɗaɗa ɗan ramin da mai ke bi a karbireta, don ta samu ƙarfin fita daga rairayi. Na farko ya faɗaɗa. Na biyu bai san an yi ba, ya ƙara. Haruna ma ya ƙara nasa, da basilla. Wani kuma, don tsoron zafin bazara, ya cire abin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, ya jefar. Ka dube ni ka ce, "Baba, motarga babu wanda ya cuce ta. Masu ƙaunarta ne sunka yi mata yawa."

Haka kake da kowa. Ba ka kunyata direba gaban mai mota. Mutumin ƙauye in ya kwana garejinka, tuwon gidanka zai ci. Na sha ganin ka ce wa mutum ya tafi, motarsa lafiya lau take, alhali da wani ne da ya samo mata ciwo.

Ka ce irin wannan haɗin ba a sayar da kayansa a kasuwa, sai dai ka toshe ramin da tagulla ka sake huda shi da hannunka, ka yi ta gwadawa har ya dace da injin. Ka wargaza komai, ka jera a kwanoni, kowane da inda ka san zai koma. A nan ajali ya same ka.

Bayan addu'ar uku na kira makanikai biyu, mutanen kirki. Na farko ya daɗe yana kallon kwanonin, ya ce shi bai san wace mota zai mayar ba. Na biyu ya tambaye ni ko za mu sayar da ita a ƙarfe. Ban ji haushinsa ba.

Damina ta kusa. Samarin da suka sayi motar yanzu da kyar suke ciyar da kansu a can. Jikata Farida cikinta ya tsufa, watan shuka ake sa ran haihuwarta. Na aika gida a duba ƙafafun amalanke, a kuma fara ba shanun dusa.

Allah Ya jiƙan ka, Alƙasum. Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa hannuwan nan da baƙin mai bai taɓa barinsu ba, su karɓi sakamako ta dama. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Aïcha, da 'ya'yanka, da 'yan'uwanka na Tahoua da Affala. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Mu kuma matanmu, Allah Ya sauke su lafiya a ɗakunansu, don hanyar asibiti ta yi mana nisa.