Bugun Zuciya, da Kwalbar da Madam Li Ta Kawo Mini

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan ba a nan. Masu tambayar kaya da masu tambayar ko lafiya, duk na ga saƙonninku. Ƙarfin amsawa ne babu.

Ba lafiya ba. Bugun zuciya na samu.

Ranar ina kasuwar Murshid Bazaar, a nan ƙasar Larabawa inda nake sari, ana ɗaure mini kwalayen jakunkunan da zan tura Kano. Tun safe ƙirjina ke zafi kamar ƙwannafi, na ce olsa ce, na sha madara. Wajen azahar muƙamuƙina ya riƙe, zufa ta jiƙa mini abaya, alhali a shago mai sanyi nake. Na zauna a kan kwali. Ƙanwata Rabi, wadda muke zaune tare a unguwar Al Rigga, ta dube ni ta ce, "Yaya, fuskarki ta canza."

Na ce ta bari a gama ɗaurin. Ko saurarata ba ta yi ba, ta kira motar asibiti.

Suka manna mini wayoyi a ƙirji, suka ɗebi jini, sai ga likita tana cewa jijiya ɗaya ta toshe. Ta hannuna suka bi suka buɗe ta, suka saka wani ɗan ƙarfe mai kama da raga don kada ta sake rufewa. Idona biyu. Ba abin da nake tunani sai yarana da ke Kano wajen Hajiyarmu.

Inshora ta ɗauki wani abu, sauran jarina ne ya tafi.

Ashe sallama daga asibiti ba ita ce warkewa ba. Hoton da aka yi ya nuna wani sashe na zuciyar ya yi rauni. Wanka ma sai na huta a tsakiya. Magani safe da yamma, wani ya sa ni jiri, wani tari. Da na ji ɗan motsi a ƙirji sai in kama salati.

Na gaji, jama'a. Irin gajiyar da barci ba ya ɗauke ta.

Ina cikin haka Madam Li ta zo duba ni. 'Yar China ce, a wajenta nake sarin jakunkuna shekara da shekaru. Ta miƙo mini kwalbar ƙwayoyi, rubutun jikinta duk na Sinanci. Ta ce na saiwoyi ne, babanta ya sha bayan nasa ciwon, kuma a ƙasarsu likitoci na bincike a kan irinsa don kare zuciya bayan bugu. Da zuciya ɗaya ta kawo. Na duba a waya, na ga da gaske ana binciken.

Rabi ta ce, "Yaya, mu tambayi likita tukuna."

Na ce, "Saiwa ce fa, ba guba ba."

Ranar komawata asibiti da saura, ni kuma na ƙagu in ji ni kamar da. Na fara haɗawa da nawa maganin.

Ba a jima ba dasashina ya fara jini in ina goge baki. Sai tabo baƙi-baƙi a cinya kamar an doke ni. Wata rana da hantsi ina yanka albasa haɓo ya ɓarke. Na matse hanci, na sa ƙanƙara, ya ƙi tsayawa. Tawul ya rine. Rabi ta ɗauko mayafina, ta jefa kwalbar a jakarta, ta ce, "Yalla, tashi."

Aka sake kwantar da ni. Allura, ɗibar jini, gado mai sanyi. Kuka ma na kasa.

Likitata 'yar Sudan ce, ba ta da faɗa. Ta juya kwalbar a hannunta ta ce, "Hajja, binciken da kika karanta ba ƙarya ba ne. Mu ma muna bibiyarsa, wani na ba da fata. Amma can an san abin da ke cikin maganin, an auna shi, kuma ana lura da jinin mai sha. Wannan ban san me ke ciki ba. Kina kan magani biyu masu tsinka jini, ga saiwoyin da su ma haka suke yi."

Don gajiya na ce, "To in bar naku in riƙe na Madam Li?"

Ta ce, "In kika bari, ƙarfen nan zai iya toshewa. Shwaiya shwaiya, Hajja, a bi a hankali. Ranar da aka tabbatar da irin wannan ya dace da ke, da hannuna zan rubuta miki."

Ba ta rantse cewa kwalbar ce ba. Amma tun da na daina sha jinin bai dawo ba. Madam Li ta yi ta kuka a waya, ni nake ba ta haƙuri.

Yanzu in rana ta yi sanyi nakan taka a bakin ruwa ta Port Saeed, ina kallon ana loda jiragen katako. In na gaji in zauna. Hoton baya-bayan nan ya nuna ɗan ci gaba. Ba kamar da ba, kuma na daina jiran kamar da.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitoci da nas-nas, da 'yan uwana 'yan kasuwa da suka tura mini kayana ba tare da na roƙa ba. Rabi, Allah Ya ba ki masu yi miki.

Mata, ciwon namu ba lallai ya zo da faɗuwa ba. Zafin ƙirji, riƙewar muƙamuƙi, zufa babu dalili, ku tafi asibiti, kaya ba za su gudu ba. Duk abin da aka ba ku, na China ne ko na gida, ku kai wa likita da kwalbarsa kafin ya shiga bakinku. Kuma kada ku ajiye maganin asibiti don kun gaji da shi.

Ni ma na gaji da nawa. Ga Rabi nan tsaye a kaina da kofin ruwa, bari in sha.