Tambayar Motsa Jiki a Najma

Na sauka Doha lokacin da korona ba ta gama sakin mutane ba. Daga filin jirgi aka wuce da mu otal, aka killace ni a ɗaki mai taga ɗaya da ba ta buɗuwa. Sau uku a rana ake ƙwanƙwasa ƙofa a ajiye abinci, kafin in buɗe mai kawowar ya yi gaba. A wannan ɗakin na yi darasina na farko na digiri na biyu, ta kwamfuta, ina zaune a bakin gado da hula a kaina kamar mai shirin zuwa ɗaurin aure.

Lissafi na karanta a gida, na kuma koyar da shi shekara huɗu a wata sakandare a Azare. Wata da muka yi jami'a tare ce ta turo mini sanarwar tallafin karatun. Ana neman ɗalibai daga wuraren da ba a cika samun mutanensu a fannin ƙididdigar lafiya ba. Ni sai ranar ma na san akwai fannin. Aikinsa shi ne ka ɗauki bayanan da asibitoci da masu bincike suka tara, ka tace su, ka faɗi abin da suke nunawa da abin da ba su kai su nuna ba. Na cike takardun ba tare da na sa rai ba. Da amsa ta zo, na fita bayan ofishin malamai na kira mahaifiyata.

Ta ce, "To likita za ka zama ke nan?"

Na ce, "A'a Inna, zan dai riƙa duba wa likitoci lissafinsu."

Ta ce, "Ashe su ma ana duba musu. Allah ya sa albarka."

Bayan killacewar na samu ɗaki a unguwar Mansura, kusa da tashar jirgin ƙasa na Metro, a saman wani shagon gyaran waya. Shekarar farko ta tafi a karatu. Na sha wuya da manhajar da muke aiki da ita, don a Azare allo da alli na sani, amma na ji daɗin wahalar. Da aka dawo shiga aji, kowa da takunkumi a fuska, sai na riƙa gane abokan karatuna ta murya da tafiya.

Malamar da aka ba ni ta duba bincikena 'yar Sudan ce, dattijuwa mai saurin magana, ba ta gama jimla sai ta ce "yalla", wato "maza, mu je". Ta ba ni bayanan wani bincike da aka riga aka yi kan hawan jini a tsakanin ma'aikata baƙi, ta ce in nemo abin da zan rubuta a kai. Ina cikin dubawa na lura da wani abu. A layukan 'yan Najeriya, tambayar da ke cewa ko mutum yana motsa jiki, yawancinsu sun ce a'a, wasu kuma sun bar gurbin ba su cike ba. Na nuna mata, na ce akwai dabarun lissafi na cike irin wannan gurbi, mun karanta su.

Ta ce, "Akwai. Amma ka san abin da ya sa suka bar shi? Kai kaɗai ne a sashen nan kake jin harshensu. Yalla, je ka tambaya."

Ban yi nisa ba wajen neman wanda zan tambaya. Mai gadin ginin sashenmu a jami'a mutumin Funtuwa ne, ya haura hamsin, ya daɗe a Doha. Mun san juna ne ranar da na ji shi yana waya da Hausa a bakin ƙofa, na tsaya na yi masa sallama. Tun daga ranar nake ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Malam duk da ya haife ni. Na karanta masa tambayar, na fassara. Ya yi dariya har takunkuminsa ya zame.

Ya ce, "Malam, ni ma da a'a zan ce. Motsa jiki ai na masu buga ƙwallo ne da masu ɗaga ƙarfe. Ni ina na ga lokaci?"

Na ce, "To Baba, sau nawa kake zagaya ginin nan a rana?"

Ya ce, "Duk awa. Hawa huɗu, kuma ba na bin lif sai in gwiwa ta matsa."

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Wannan aiki ne."

Na koma na faɗa wa malama. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce ga bincikena nan na samu. Muka sake tsara tambayoyin da Hausa. Maimakon motsa jiki, sai muka tambayi yadda mutum yake wuni: tafiya nawa, tsayuwa nawa, zama a mota nawa. Neman izini ya ɗauki watanni, aka kuma koya mini yadda ake auna jini da na'urar hannu. Kafin komai ya kammala, gasar cin kofin duniya ta ƙarato.

Garin ya canza. Tutoci ko'ina, Metro cike da mutane masu waƙa da harsunan da ban taɓa ji ba. Mutanen da nake nema kuwa su ne aka fi buƙata, masu gadi da direbobi, an ƙara musu awoyin aiki, an sauya musu wurare. Na fara tunanin in jira sai an gama. Baba ya ce kada in jira. Ya ce akwai wani gidan abinci a unguwar Najma da 'yan arewa ke haɗuwa bayan sallar Juma'a, ko mutum yana da aiki sai ya leƙo ya ci tuwo kafin ya wuce.

Ranar farko shi ya gabatar da ni. Ya ce, "Wannan ɗanmu ne, karatu ya zo yi. Ba kafil ko wani ubangidan aikinku ne ya aiko shi ba, ba ya rubuta sunan kowa. Wanda ya ga dama ya zauna da shi, wanda bai ga dama ba ya ci abincinsa."

Mutum uku suka zauna da ni a ranar. Juma'ar da ta biyo baya sai da aka yi layi, ba don tambayoyin ba, don awon jinin. Na samu teburi a lungu kusa da firji. Kowa ya zo da labarinsa. Wani direba ya ce shi wuni yake a zaune, amma ƙafarsa ta dama ta fi ta kowa aiki, in rubuta. Wani kuma da aka kai bakin filin wasa ya ce tun da aka fara gasar yana jin ihun jama'a a bayansa, bai ga ƙwallo ko sau ɗaya ba, sai ya koma ɗaki ya kalla a waya. Tun da Najeriya ba ta zo ba, kowa ya koma ɗan Maroko, ana ta gardamar ƙwallo a kaina ina ɗaura wa mutum na'ura a dantse ina roƙonsa ya yi shiru minti ɗaya.

Baba shi ne ya kawo kowa, amma ya ƙi a auna shi. Kullum sai ya ce shi lafiyarsa ƙalau, a bar wa yara. A Juma'a ta ƙarshe na ce masa ba zan naɗe kayana ba sai ya zauna. Ya zauna yana mita. Na auna, na bari ya huta, na sake aunawa. Jininsa ya hau sosai.

Na ce, "Baba, ni ba likita ba ne, amma wannan ba na bari ba ne. Ka je asibiti cikin makon nan."

Ya ce, "Dama keyata takan yi mini nauyi da yamma. Na ɗauka rana ce."

Ya je. Aka ɗora shi a kan magani, aka ce ya rage gishiri. Da na tambaye shi bayan kwana biyu, ya ce, "Halas, Malam, an gama. Ƙwaya ɗaya ce da safe."

Abin da na samu a binciken bai taka kara ya karya ba. Mutanen ba su da yawan da zan yanke hukunci a kan hawan jini, kuma malama ta sa na rubuta haka ƙarara. Abin da na iya nunawa shi ne, tsohuwar tambayar tana sa masu wuni suna tafiya a sahu ɗaya da masu wuni a zaune. Ranar da na kare aikina, ɗaya daga cikin masu jarrabawar ya nemi in ba shi tambayoyin, yana so a gwada su da wasu harsuna. Malama ta ce in zauna shekara guda in taya ta aiki, na amsa.

Da na fito Baba yana bakin ƙofa a cikin kakinsa. Ya ce, "Yaya, an ci?" Na ce an ci. Ya kama hannuna da hannu biyu ya yi ta addu'a, har wasu ɗalibai suka tsaya suna jira mu ba su hanya.

Juma'ar makon muka koma Najma, aka haɗa tebura biyu. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Direban nan ya kai loma ɗaya ya ɗago kai ya tambayi wanda ya hana miyar gishiri. Ashe Baba ne ya riga kowa zuwa ya yi magana da mai girki. Aka yi ta yi masa tsiya, shi kuwa ya ci gaba da cin tuwonsa, ya ce wanda yake so ya tashi ya ɗauko da kansa, tafiyar ma za ta yi masa amfani.