Malamar da Ta Kai Makafi Yawon Buɗe Ido

Kullum kafin a kaɗa ƙararrawa, Malama Ƙarama ta riga ta zagaye farfajiyar makarantar makafi tana kawar da duk abin da zai sa yaro tuntuɓe: bokiti, tsintsiya, kujerar da maigadi ya manta a hanya. Tun tana sabuwar zuwa sunan ya bi ta. Yau ga furfura, ga ritaya a ƙarshen zangon nan, amma har yanzu Ƙarama ce.

Bara ta ce za ta kai 'yan ajinta wani birni na bakin kogi, wanda baƙi ke zagayawa a ƙafa. A taron iyaye wani uba ya miƙe ya ce, "Malama, yawon buɗe ido fa kika ce. Wane idon?" Aka yi dariya, ita ma ta dara. Sai ya ƙara da cewa 'yarsa ke nan guda, ba zai kai ta bakin ruwa ba.

"To ka biyo mu, ka riƙe hannunta da kanka," in ji ta.

Da hutu ya zo, ta riga kowa zuwa. Direban makaranta da ya kai ta ya ce yini guda ta yi tana taka birnin. Ta gano titin da kwatarsa ke buɗe, ta canza hanya. Ta roƙi mai kula da gidan tarihi ya bar yara su shafa tsohuwar ƙofa da hannu. Ta nemo inuwar da za a ci abinci, kusa da bayi. Da ta nemi a zaga da yaran cikin kogi, mai kwalekwale ya ce shi kam ba da shi ba, in wani ya faɗa ruwa fa? Ta zauna a kan bencinsa suna ta ja, har ya yarda, bisa sharaɗin kowa ya sa rigar hana nutsewa.

Ranar tafiya uban ya zo, fuska a ɗaure. A tsakiyar kogi yarinyar ta tsoma hannu a ruwa, sannan ta ce, "Baba, ashe tafiya yake yi! Na ɗauka a zaune yake kamar ruwan randa." Direba ya ce uban ya juya baya ya daɗe yana gyaran hula.

Malama, ke ce mai share hanya kafin a taka. Ke kika ƙi yarda a ce yaranki su zauna a gida don a huta da fargaba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma masu shirya tafiya, a makaranta ko a unguwa, ku fara tambayar wa aka saba bari a gida, ku tanadar masa kujera a motar.