Mai Jan Bakin Ajin Ƙarshe

Shekarar da aka ba ni darasin yamma a wata sakandare kusa da Gazara, ba da son raina na karɓa ba. An ce bayan la'asar in riƙa zama da ɗaliban da karatu da rubutu ke ba wuya. Ni kuwa na daɗe da sanin inda ciwon yake. A ajujuwanmu malami ne zai karanta layi, aji duka ya amsa, ko a tsayar da ɗalibi ɗaya mai murya ya ja baki, sauran su bi. Mai wucewa ta bakin taga ya ji amo, ya ce ai karatu ya zauna. Na tsani wannan amshin, har gobe ma ban daina ba.

Don haka tun ranar farko na ce kowa shi kaɗai zai karanta. Na kira mai jan bakin ajin ƙarshe ya nuna musu yadda ake yi. Shi ba ya cikin waɗanda aka turo mini, abokinsa ya rako. Dogon saurayi ne mai natsuwa, duk makarantar an san muryarsa. Na buɗe littafin a tsakiya, shafin da ba a kai ba tukuna, na miƙa masa. Ya gyara tsayuwa, ya fara zubo darasin makon jiya tiryan-tiryan, yatsansa na bin layukan da ba su ba ne. Ashe sau ɗaya yake jin abu ya haddace. Da haka ya haye aji bayan aji, don jarrabawar cikin gida dama ba ta cika tsayar da kowa ba.

Na karɓi littafin daga hannunsa. Yaran ba su lura ba, ni kuma na ce madalla, ya zauna. Da aka tashi na tsayar da shi.

"Abin da ka karanta ba shi ne a shafin ba," na ce.

Ya sunkuyar da kai. "Malam, don Allah kada su ji. Tun firamare ake sa ni gaba, na rasa ta inda zan ce ban iya ba."

Jarrabawar fita saura 'yan watanni, kuma a can babu mai karanta masa tambaya. Muka shirya ya riƙa zuwa bayan kowa ya watse, mu zauna gindin mangwaron bayan ofis. Daga baƙaƙe muka fara. Ranar da ya haɗa kalmar farko da kansa, ba daga bakina ba, sai da ya maimaita ta, ya dube ni don ya tabbatar. Na yi murna ƙwarai, na kuma sa rai.

Sai lokacin saran rake ya zo, mahaifinsa kuma ya kwanta ciwo. Gona da dahuwar mazarƙwaila suka dawo kansa. Ya koma zuwa jefi-jefi, hannuwansa duk yankan ganyen rake, daga baya ya daina. Na bi shi har gona. Ya gaishe ni da ladabi, ya sara mini rake, ya ce in Allah ya yarda zai dawo. Bai zauna jarrabawar ba, abin ya daɗe yana ci mini rai.

Bara ina tsakiyar darasin yamma sai ga shi a bakin ƙofa, ya zama magidanci, tare da ƙanwarsa da ta shiga aji ɗaya. Muka gaisa, na tambayi gida da jikin mahaifinsa. Ya ce ya rasu, na yi masa ta'aziyya.

"Malam, ga ta nan," ya ce. "Tana da kai, duk abin da ta ji ta riƙe. Irina ce, shi ya sa na kawo ta."

Ya dubi littafin da ke hannuna.

"Ka buɗe mata tsakiya tun yau."